Kusoshin Kawu Sule

Duk wanda ya taɓa shiga zauren Kawu Sule a Agege ya san ba a gama gaisuwa sai ya ɗauko guduma. "Wa ka sani a nan?" Sai ya kafa maka ƙusa a bango, ya ɗaura zare tsakaninka da duk wanda ka ambata. Tsohon malamin lissafi ne, ni kuma ɗiyar ƙanwarsa.

Abin da ya ci ransa shi ne garuruwa marasa iyaka, waɗanda duk inda ka tsaya cikinsu tsarin sanayya iri ɗaya ne. Ya ce kala-kalarsu kaɗan ne, kuma ya san su duka.

"Akwai garin da babu mai sanin kowa."

Inna ta ce, "Oshodi kenan."

"Akwai wanda abokanka biyu ba sa taɓa sanin juna."

Inna ta ce, "To, a kai Ɗanladi direban tanka da budurwoyinsa can, ya huta!"

Kawu ko murmushi. Garin da ya fi so shi ne wani daban, na ƙarshe a lissafinsa. Wata rana ya sa na lissafa mutanen da na ga dama, sannan na ware wasu daban. Don tsokana na sa kaina cikin na biyun.

"A irin garin nan akwai wanda ya san na farkon duka, bai san ko ɗaya cikin na biyun ba. Zai zo."

"Yaushe, Kawu?"

"Gaggawar me kike yi?"

Ya kuma ce irin wannan gari, ko ka cire mutum guda, ba ya canjawa. Saboda haka ranar da ya mutu in zare ƙusarsa, in gani da idona cewa ba a yi asarar komai ba. Na yi masa musu, ya ce zare ne zai raba mu.

Ranar sadakar uku ta rasuwar Kawu wani dogon baƙo ya shigo. Ya gai da na farkon nan ɗaya bayan ɗaya, kowa da sunansa. Na biyun ya wuce mu kamar bango. Su ma da ya gaisar, na tambaye su, kowa ya ce ya san fuskar amma ya rasa daga ina.

Da yamma na zare ƙusar Kawu. Zaren rabin Agege ya zubo ƙasa.

Wannan karon ka faɗi, Kawu. Allah Ya jiƙanka, Ya sada ka da waɗanda suka san ka.