Fatar Garayar Baffa Ilu

Ranar wata Juma'a bayan la'asar, da kakar shekarar 1955, ina 'yar shekara tara, fatar garayar Baffa Ilu ta fashe a bainar jama'a. Mafarauta ne suka taru a gindin rimin ƙauyenmu, can gefen dajin Ɗansoshiya, ana wasan buɗe farauta, kuma Baffa, ƙanin mahaifina, shi ne makaɗinsu. Yana tsaka da wasa wani maharbi, ya dage ya kai wa tsirkiya duka, sai muka ji ɓarat! Fata ta tsage tun daga tsakiya har baki. Wani baƙon makaɗi da ya zo daga wajen Doguwa ya kece da dariya, ya ce, "Malam, a kai tsohuwa gida ta huta." Ya jawo tasa garayar ya karɓe fili. Baffa ya saɓa abarsa ya bi ta bayan danga, ko sallama bai yi wa kowa ba.

A lokacin ina da 'yar gada. Da farkon damina Baba ya tsinto ta a gonarmu ta bakin daji, karnuka sun kashe uwar, ya kawo ta cikin rigarsa ko tsayuwa ba ta iya yi. Kowa ya ce ba za ta kwana biyu ba. Ni kuwa da taurin kaina na riƙa zuwa ruga da 'yar ƙwarya ina roƙo madara, in tsoma tsumma in ba ta tana tsotsa, har ta miƙe. Na sa mata suna Delu. In zan tafi rijiya tana baya, in mun je itace tana baya, in muna carafke a ƙofar gida sai ta kwanta ta ɗora haɓa a cinyata ta ɓata mini wasa. Ɓarauniya ce ta gaske, ba a shanya gyaɗa ta ƙyale, Inna ta sha bin ta da muciya tana tsine mata. Amma ba ta yarda da hannun kowa sai nawa. Ko ina ta shiga, in na kaɗa harshe na kira sunanta, sai ga ta da gudu.

Shi kuwa Baffa tun daga ranar nan bai sake samun sukuni ba. Ya ɗaura wa garaya fatar akuya, ya kaɗa, ya ce muryarta ta mutu tun kafin ta fito. Ya taka har kasuwar Ƙafin Maiyaki ya samo ta ɗan maraƙi, ita kuma ta yi kauri. Ya sauya jaki, wato ɗan itacen da tsirkiya ke hawa, ya fafe shi ya rage masa tsawo, duk a banza. Garayar mafarauta fatar gada take so, kowa ya san haka. Maharba suka yi ta kawo masa, sai ya ɗaga kowace ya duba ta a hasken rana ya jefar. Wannan kibiya ta huda, waccan haƙorin kare, wata kuma ƙaya ta zazzane ta, kuma daga irin wannan tabo tasa ta farko ta tsage. Yakan ce, "Fatar da ta san ƙaya ba ta riƙe murya."

Sai ga Baffa ya fara ƙaunar Delu. Mutumin da bai taɓa kallon ta ba, yau shi ne da harawa, gobe da dusa da 'yar kanwa. Sai ya ce in riƙe masa ita, ya shafa bayanta, ya tsinci fatar haƙarƙarinta da yatsa biyu ya ja ya saki, ya gyaɗa kai. Ni sakarya har kumbura nake, wai Baffa ya ga kyawun kiwona. Inna ta dube ni wata rana tana tankaɗe, ta ce, "In kin ga kare yana shinshinar takalmi, ɗauka zai yi." Na ce ai Baffa ba kare ba ne. Na sha ranƙwashi, ban kuma fahimci komai ba.

Ranar da abin ya faru, da hantsi, na dawo daga kai niƙa na tarar Delu ta maƙale a bayan rumbu tana huci, samarin gida sun yi gumi wajen bin ta. Baffa ya hana a jefe ta da sanda, ya hana a sa kare, kada a ɓata masa fata. Wannan sai daga baya na gane. Baba ya kira ni da murya mai taushi, ya ce, "Hansatu, kira mana ita. Ƙararrawa za a ɗaura mata, kada mafarauta su ɗauka ta daji ce su harbe ta." Baffa har da kaɗa mini ceba, ɗan ƙarfen nan mai zobba da ake maƙala wa garaya, wai ita ce ƙararrawar. Na durƙusa na kira ta. Ta fito, ta sa hanci a tafin hannuna, ni da kaina na zura mata igiya a wuya. Nan take aka ce in ɗauki tulu in tafi rijiya.

Da na dawo tana rataye a reshen ɗorawa. Baffa na fiɗa a hankali, da dunƙulen hannu yake raba fata da nama don kada wuƙa ta taɓa ta, har yana 'yar waƙarsa. Tulun ya suɓuce daga kaina ya tarwatse. Wallahi a kan tulun nan aka dake ni, ba wanda ya ce mini sannu. Baba ya ce, "Dabba ce, don a ci aka halicce ta." Da yamma gida ya ɗauki ƙamshi, yara na lashe yatsu suna leƙo ni suna cewa Delu ta yi daɗi. Kwana biyu ban sa komai a bakina ba, Inna ce kaɗai ta riƙa turo mini kunu.

Baffa ya jiƙa fatar, ya kankare gashin da toka ya bar na gefe, ya ɗaura ta da danshinta, ya ɗaɗɗaure, ya ajiye a inuwa kwana uku. Da wasa ya sake zagayowa na rantse ba zan je ba. Ina zaune a tsakar gida sai na jiyo ta. Kai! Murya ce garau, mai zurfi, tana shiga har cikin ƙirji. Ban san lokacin da ƙafafuna suka kai ni gindin rimi ba. Baƙon makaɗin nan ya ajiye tasa ya naɗe hannu, maharba na ta tsalle suna kirari, ni kuma sai na tsinci kaina ina tafi tare da sauran yara. Baffa ya hango ni, ya nuna ni da wuyan garaya, ya ce, "Ga mai kiwon nan, ku gode mata!" Jama'a suka yi dariya suka sa mini albarka.

Yanzu ina zaune a Kano wurin jikana Auwalu, mai kaɗa jita ta lantarki. A ƙarƙashin wayoyinta akwai wani ɗan ƙarfe mai maganaɗisu da ke ɗaukar sauti. Sau uku yana sauya shi, wannan ya ce ya cika kaifi, wancan ya ce ya dushe. Ya kwance ƙusa biyu, ya liƙa waya da dalma, ya jefa tsohon a aljihun tebur, ba wata dabba da ta rasa ranta. Shekaranjiya ya kaɗa mini, ya ce, "Kaka, wanne ya fi daɗi?" Na ce duk sun yi. Ƙarya na yi masa. Su Baba da Baffa sun daɗe a ƙasa, na kuma yafe musu, kaina ne na kasa yafe wa. Har yau ban ji abin kiɗa mai daɗin garayar nan ba.