Takardar Hayar Ɗakin Coci Da Na Sa Wa Hannu Ban Karanta Ba

Malam Edita, ina gaisuwa. A zamanin mulkin soja ni tela ne a Ƙofar Gayan, kuma sakataren ƙungiyar telolin unguwarmu. An ba ni kujerar ne don na kai aji huɗu na firamare kafin bulalar malamin lissafi ta raba ni da boko. Biro uku nake jerawa a aljihun gaba, ga tabarau wanda ba likita ne ya rubuta mini ba. Turancina kuwa, tsakanina da Allah, bai wuce na a gaisa a rabu ba.

Damina ta kankama, taronmu na shekara ya matso, zauren shugabanmu yana yoyo. Ina da wani aboki Kirista, dattijo mai sanyin hali, shi ke riƙe da makullan wani coci a bayan ganuwa, a harabar ma yake zaune da iyalinsa. Ta hannunsa nake samun ɗinkin ankon matan zumunta. Ya ce suna ba mutanen waje hayar ɗakin taronsu, amma sai ɗan coci ya tsaya wa mai haya, in an yi ɓarna tana wuyansa. Ya tsaya mini. Ya kawo takardar ƙa'idoji, shafi biyu da Turanci, ya ce ko ya fassara mini. A gaban shugaba fa! Na gyara tabarau na ce ya huta, irin wannan da ita muke karya kumallo. Na bi layuka da yatsa ina gyaɗa kai, na murɗa sa hannu mai wutsiya.

Ranar Asabar muka cika ɗakin. Ana tsakiyar musun wanda zai gaji shugaba sai la'asar ta yi, ruwa kuma kamar da bakin ƙwarya. Dattawa suka ce a ture benci a yi salla a nan. To a bangon gabas akwai wani ƙaton ƙyalle mai hoton makiyayi da tumakinsa, aikin zare da allura. Wanda zai ja mu salla ya ce ba a fuskantar hoto, ya juyo ya tambayi sakatare me takarda ta ce. Bakina bai yi shawara da ni ba, na ce ta ce mu yi yadda muka ga dama in dai za mu share. Da hannuna na sauke ƙyallen na rataye a baranda. Aka idar, aka koma musu, na manta da shi.

Da abokina ya zo rufe ƙofa ya tarar feshin ruwa ya jiƙe ƙyallen sharkaf, jan zaren ya zuba a kan farin, tumakin nan kamar an bi su da wuƙa. Bai ɗaga murya ba. Zama ya yi a ƙasa, ya ce matan da suka kafa zumuntar ne suka ɗinka, yawancinsu sun rasu, har da mahaifiyarsa. 

Kwamitin coci ya yanke a karɓe makullai daga hannun abokina, shi kuma ya tashi daga gidan. Lokacin gari bai gama hucewa daga wani tashin hankali ba, har an fara cewa da gangan muka yi. Na kwashi ƙafa na je gabansu. Fasto ya miƙo mini takardar ya ce Malam ya karanta lamba ta shida. Lambar kam na karanta daidai, shida ce. Daga nan mota ta mutu. Na cire tabarau na faɗi gaskiya, cewa ban taɓa iya karanta ko layi ɗaya ba, mutumin nan ya nemi ya fassara mini na hana shi. Sai Fasto ya karanta da Hausa: in masu haya Musulmi ne, an ware musu ajin da ke gefe, da tabarmi da butoci, makullin yana rataye a bayan ƙofa. Taku goma, Malam Edita! Na so ƙasa ta tsage in shige.

An bar wa abokina gidansa da makullansa, amma daga ranar aka daina ba kowa haya. Ƙungiya ta karɓe birona. Wata biyu na yi ina ɗinka musu wani ƙyallen, tumakina suka fito kamar karnuka. Wata tsohuwa ta shafa shi ta ce na yi ƙoƙari, sai dai hannuwan da suka yi wancan suna ƙasa.

“Ban sani ba” kalmomi uku ne, na ƙi faɗarsu don kar girma ya faɗi, na kusa jefa iyalin mutum a titi. Mutanen da na ɗauka ba su san da sallarmu ba, ashe har buta sun ajiye mana. Duk wanda aka miƙa wa takarda a wurin ibadar wasu, ya cire tabarau ya ce a karanta masa.