Malam Kailani da Tsagar Hajiya Rauda

Ƙarfe takwas Malam Kailani yake buɗe shagonsa na ɗaukar hoto a Tudun Wada, Zariya, shekara arba'in da ɗaya ke nan. Kafin ya yi shara, sai ya sauko da wani gwangwani, ya ɗaga fim ɗin da ke ciki ga hasken taga. Na hoton marigayiya Hajiya Rauda ne, wadda ta daɗe tana gabatar da shirin mata a rediyo. Danshin damina ya fara cin gefensa. Idon Malam na dama ya yi yana, na hagun ma ya soma.

Yawancin masu sauraronta a wannan hoton suka san fuskarta. Ba ta kallon kyamara. Ta karkata kai, hannu a kunne, kamar wata tana kawo mata kuka daga gefe. Da gangan Malam ya ture makirufo daga gabanta. "Kowa ya san ta iya magana," in ji shi. "Ni mai sauraro na gani." Hasken taga ya sauka a kuncinta, kan tsaga uku ta gidansu.

A watan jiya ɗanta Zulkiflu ya zo da wani kwafi da aka gyara a kwamfuta, wanda za a rataye a ɗakin karatun mata da aka sa wa sunanta. Fata ta yi haske, tsagar ta ɓace. Hajo mai ɗinki, maƙwabciyar shagon, ta ce Malam ya daɗe yana kanga takardar a idonsa.

"Wannan wace ce?"

"Hajiya ce mana, Baba. An ɗan gyara ta ne."

"Ranar da na ɗauke ta na ce ko ta ƙara hoda. Ta ce, 'Bar ta, Kailani, da ita uwata take gane ni.' Ba ni kwana uku."

Saura mako guda a buɗe ɗakin, kuma babu tabbacin fim ɗin zai ba da hoto. Sau biyar ya wanke, huɗu suka lalace. Na biyar ya miƙa wa Hajo, don shi ba ya iya tantancewa.

"Ta fito?"

"Uku cif, Malam."

Da Zulkiflu ya dawo ya duba, sai ya naɗe na kwamfutar ya sa a aljihu.

Malam Kailani, kai ne mai mayar wa mutum fuskarsa yadda Allah ya yi ta. Ban san ko fim ɗin nan zai kai wata damina ba, ko idonka. Mun gode. Masu ɗaukar hoton iyayenmu mata su yi koyi da kai: kafin su goge wani abu, su tambayi wa yake gane ta da shi.