Muwanibi

Lokacin kullen korona na kasa zama wuri ɗaya. Daga falo zuwa baranda, daga baranda zuwa kicin, a ɗan gidanmu na unguwar Wangsa Maju, can ƙasar waje, ina kallon jirgin ƙasa yana wucewa ba kowa a ciki. Iya ce kwance ba lafiya a Kano, kuma babu jirgin saman da zai kai ni.

Iya kakata ce ta wajen uba, Bayarabiyar Ogbomosho da ta tsufa a Fagge. Muna yara, bayan magariba, in ta gama tuyar ƙosai, sai mu jikoki mu kewaye murhun, ta kifa ƙwarya tana kaɗawa da yatsu. Tatsuniyarta ba ta tafiya sai da waƙa, waƙar kuma sai da amshi. Wanda ya yi shiru, a kansa labari zai tsaya.

"Binta, ina bakinki? Ni ba rediyo ba ce."

Wadda muka fi so ita ce ta yarinyar da ta bi kunkuru daji ta ɓata. Uwarta ta rataya kalangu tana rera kira, yarinyar na amsawa daga nesa, har suka haɗu. Mu ne yarinyar. Iya ƙarfinmu muke cewa "Muwanibi", a zatonmu sunan kunkurun ke nan. A nan na koyi kasa kunne da jiran gaɓar shigowa, ban san karatu ake mini ba.

Da Baba ya kira ni ta bidiyo, ya ce Hausa ta gudu daga bakin Iya, sai Yarabanci, kuma ba ta gane kowa. Na yi ta cewa "Iya, ni ce Binta", tana kallon bango. Tsoro ya kama ni, kada ta tafi ba ta san ni ce ba.

'Yata Hanan, mai jin Hausa sai ta ga dama, ta ce da gaurayen Turancin garin nan, "Mama, ki yi mata song ɗin lah."

Na kifa robar abincin da muka sayo, na kaɗa. Iya ta juyo a hankali, ta rera kiran uwar. Na amsa.

Baba ya goge ido. "Kin san abin da kike faɗa? Mo wa nibi. Wato ina nan. Da shi take ƙirga ku a duhu."

Duk yarintata ashe ba kunkuru nake kira ba, shaida mata nake yi ban ɓata ba. Ta sake kira, na sake amsawa daga ƙasar da ba ni da ikon fita. Da muryarta ta gaji ta yi shiru, ni ban daina ba.