Shafin Turancin da na ce mai sauƙi ne

Jiya na miƙa wa Rabi takardar a gaban aji, na ce ta karanta mana da ƙarfi.

Kwana uku na yi ina tace shafukan Turanci don gwajin fahimtar karatu na 'yan ajin ƙarshe a sakandarenmu da ke Kabo. Na auna tsawon jimloli, na watsar da masu manyan kalmomi, na tsaya a kan mafi sauƙi: bayanin yadda gona ke gajiya in ba taki. Rabi 'yar manomi ce daga Garo, kuma ita ke zuwa ta ɗaya.

Ta karanta tsaf, ba gargada.

Na ce, "Madalla. To, me shafin yake faɗa?"

Ta sunkuyar da kai. "Malam, mu tun firamare karantawa kawai aka koya mana. Ba a taɓa tambayata ma'ana ba."

Saura wata biyu su zana jarrabawar fita, kuma wannan ce gwanar ajin.

'Yan'uwana malamai, wallahi na rasa ta inda zan fara. Ku da me kuke auna sauƙi?