Gishirin da ke Bayan Riga

Daminar da na haifi 'yata ta fari, maigidana shi kaɗai ya yi noma, ni ina gida da jaririya. Haki ya taso wa hatsin, ga shi kullum sai ya dawo yana ɗingishi, jijiyar ƙafa ta ɗaure. Na san in ya kwanta, gonar ta tafi.

Shi mutum ne na shayi. Buta da gawayi yake ɗauka zuwa gona, ya sha kofi uku 'yan mitsi-mitsi, ya ce ya ƙoshi. Hurar da nake dama mai kuwa rabi take dawowa.

Wajen wanki na lura da wani farin zane a bayan rigarsa. Na duba babu mai kallona, na lasa. Gishiri ne zalla. Na ce ashe mutumin nan narkewa yake.

Ranar awon yara a likitar Attantane, wato asibitin garin, na tambayi malamar da ke auna su zancen gishirin bayan rigar. Kunya ta sa na ce mijin maƙwabciyata ne.

"Ke kike wanke wa mijin maƙwabciyar riga?" in ji ta, tana dariya. Ta ce zufa da gishiri take fita, kuma kofin shayi bai kai ya mayar da ruwan da ya zuba ba. Ruwa tsura saurin wucewa yake, amma hura da nono tana zama a jiki. In dama ta ruwa-ruwa, in sa ɗan gishiri.

Ban tambayi ko nawa ne ɗan ba. Na tuna faɗin rigar, na cika tafin hannu, na rufe ɗanɗanon da sukari da yaji.

Kwana biyu yana sha yana yamutsa fuska. Rana ta uku ya tashi ido a kumbure, takalmin roba ya ƙi shiga.

"Uwar yarinya, jiya har goran maƙwabcin gona na shanye. Me kike sa mani a hura?"

Na fashe da kuka, na faɗa mai komai.

"Riga kika lasa?"

"Sau ɗaya ne, maigida."

"To ni miya ne, da za ki ɗanɗana ki ƙara gishiri?"

Ya yi dariya har jaririya ta farka. Ni ban yi ba, ƙafarsa nake kallo. Na goya yarinya na koma likita, wannan karon na ce mijina ne. Malamar ta kama yatsuna uku ta tsoma a gishiri, ta ce iyakarsa ke nan, kuma ya huta yini ɗaya yana shan ruwa. In kumburin bai saɓe ba, in kawo shi.

Washegari takalmin ya shiga. Shayi dai bai bari ba, sai dai ya yarda hura ta riga shi shiga ciki. Ya gama noman a tsaye da ƙafafunsa, hatsi ya fi ƙarfin haki. Amma har aka yi girbi, in na miƙa mai ƙwarya sai ya ce in fara kurɓa yana kallo.