Tabon Ƙarfe Shida

Ubansa ne ya laƙa masa suna Karambani, ranar da ya kwance rediyon gidan don ya ga mutanen da ke magana a ciki. Ya mayar da komai yadda ya same shi, in ban da 'yan ƙusoshi da suka yi saura a tafin hannunsa, rediyon kuwa bai sake cewa uffan ba. Sunan ya bi shi makaranta, ya bi shi wurin aiki, har matarsa in ya ɓata mata rai da shi take kiransa.

Aikin da yake ci da iyali shi ne tsaron sito a wani kamfanin sayar da tayoyin manyan motoci. Wuni yake cikin warin roba yana nuna wa masu dako inda za su jibge kaya, ya dawo gida hannu baƙi ƙirin. Amma da zarar ya wanke hannun nan sai ya zama wani mutum dabam. A ƙarshen barandar gidan hayarsu, inda haske ya fi shigowa, ya kafa wani ɗan tebur da ya ƙara wa ƙafafu tsawo har ya kusa kai masa haɓa, don kada ya riƙa sunkuyo. A nan yake buɗe cikin agogon hannu, irin na da wanda ba ya cin batir, sai an murɗa shi kafin ya yi tafiya.

Ba sana'a ba ce, bai taɓa karɓar ladan gyara ba. Ciwo ne kawai, irin wanda ba ya jin magani. Zai sayo agogo lafiyayye ya cire masa fuska ya sa wata, ya canza hannaye, ya sauya gilashi da maɗauri, har wanda ya ƙera shi in ya gani ba zai gane abinsa ba. In kana son ka makara wurin da za ka, tambaye shi wane hantsaki ya fi kyau. Zai zaunar da kai ya yi maka wa'azi cewa na tagulla ba ya kama maganaɗisu kuma ba ya ƙarzar ƙarfe, cewa sukundireba mai araha bakinsa kan lanƙwashe ya zame ya ji wa inji ciwo, cewa ba a hura wa agogo iskar baki saboda yawu, sai da ɗan famfon roba. Matarsa takan ce ita dai mai ido ɗaya ta aura, tunda ɗaya idon kullum yana cikin gilashin ƙara girma. Yakan yi dariya ba tare da ya ɗago ba.

Maganar gaskiya, hannunsa ya faɗa. Aibinsa ɗaya ne, kuma babba: ba ya iya ganin abu ya bar shi yadda yake.

Agogo ɗaya ne bai taɓa buɗewa ba, na Baba. A gidan ruwa Baba ya yi aiki har ya yi ritaya, shi ke sakar wa unguwanni ruwa ya rufe, kowace da lokacinta, kuma da agogon nan ya yi aikin duka. Fuskar agogon ta tsufa ta koma ruwan ɗorawa. A ƙasa, daidai lamba shida, akwai wani tabo ruwan ƙasa da ruwa ya bari ranar da babban bututu ya fashe Baba yana cikin rami. Karambani ya sha roƙon a ba shi ya ɗan duba. Amsar ba ta taɓa canzawa ba: "Na ga dubawar da ka yi wa rediyo."

Sai tsufa ya zo wa Baba ta ka. Ya fara da manta inda ya ajiye takalmi, ya zo ya manta hanyar gida, ya manta matarsa ta rasu har yana tambaya ko ta dawo daga kasuwa. Yaya, babbar 'yarsa, wadda ta dawo gidan bayan rasuwar mijinta take jinyarsa, yau ya kira ta da sunan ƙanwarsa, gobe ya tambaye ta 'yar gidan wa ce ita.

Abu ɗaya ya rage masa. Kowace safiya yana buɗe ido zai murɗa agogon ya kara a kunne. Da yamma kuma, in ƙaramin hannu ya shiga cikin tabon nan, sai ya ce, "Karambani na hanya," ya ja kujera bakin ƙofa. Lokacin ne kuwa Karambani ke biyowa daga sito. Yana shigowa tsohon zai dubi agogo, ya dube shi, fuskarsa ta washe.

"Ka taso? Zauna can, warin taya ya ishe ni."

Sai su yi hira, rabi kan hanya rabi a daji, amma dai hirar uba da ɗa ce. A wannan ɗan lokacin ne Baba ke cin abinci da kirki, a nan ne kuma Yaya ke samun miƙe bayanta.

Wata ranar hutu Karambani ya zo da hantsi. Baba ya miƙe ya gaishe shi da ladabi, ya tambaye shi ko daga ofishin ruwa aka aiko shi. Ran nan Karambani ya gane, kuma ya ji tsoro ƙwarai: ba fuskarsa tsohon ke shaidawa ba, tabon ne ke gaya masa wanda zai shigo. Duk abin da ya rage masa na uba a jikin wannan ɗan dattin yake rataye. Bai sake zuwa gidan a wani lokaci dabam ba.

Ana nan sai agogon ya fara ja da baya, don man da ke cikinsa ya bushe tun tuni. Karambani zai iso hannu bai kai tabo ba, Baba ya yi masa kallon baƙo, sai Yaya ta lallaɓa ta tura hannun gaba. Daga baya ya soma tsayawa cak. Tsohon ya wuni yana girgiza shi yana karawa a kunne, hawaye na bin gemunsa. Gyara ya zama dole, wannan ba wanda zai ga laifin kowa a kai.

Wata Asabar bayan abincin rana, da maganin likita ya kwantar da Baba, Yaya ta zare agogon daga hannunsa ta kawo wa ƙaninta a tsakar gida. Ta miƙa, amma ba ta saki ba.

"Ciki kawai. Ka ji ni ko? Ka wanke cikin ka sa masa mai. Ko maɗauri kada ka canza."

"Haba Yaya, ni yaro ne?"

"Da yaro ne ai da ban ji tsoro ba. Ka dawo da shi kafin ya farka ya laluba hannu."

Bai taɓa aiki mai kyau irin na ran nan ba. Da ya koma teburinsa ya sa safar yatsu, ya zare hannayen, ya ɗaga fuskar ya kife mata kofin gilashi saboda ƙura. Ya kwance injin ɗaya bayan ɗaya, ya wanke, ya shanya, ya ɗiga wa kowane gurbi mai da bakin tsinke. Da ya mayar da ɗan ƙaramin wilin da ke kai da komo, sai ya kama bugawa da kansa, ras-ras. Karambani ya jingina da kujera yana murmushi. Rana ba ta yi sanyi ba, ga lokaci a hannunsa. Da ma bai samu lokacin ba.

Ya ɗauke kofin zai mayar da fuskar, sai ya kai mata gilashin ido, don ɗabi'a. Can gefe, kusa da lamba takwas, ga wani ɗan ɗigon baƙi da bai kai ƙwayar yashi ba. Ba tabon Baba ba ne, datti ne kawai, wanda ba mai ganinsa a duniya sai mai wannan gilashin. Ya san ƙa'ida sarai, shi da bakinsa ya sha gaya wa mutane: tsohuwar fuska ba a kai mata danshi, don man ƙyallin da aka shafa mata ya riga ya mutu, lambobin kuma a kansa suke zaune. Ya hura da famfo, ɗigon bai motsa ba. Ya shafa busasshen burushi, yana nan. Ya ce a ransa taɓawa ɗaya ce. Ya jiƙa kan auduga ya matse ta, ya taɓa.

Ɗigon ya fita. Ya fita da launin da ke ƙarƙashinsa, ya bar wani fari tas da ya fi dattin fitowa fili. Nan ma da ya tsaya, da an rufa asiri. Sai ya ce bari ya ɗan saje gefen. Danshin ya shige ƙarƙashin tsohon man, man ya ɗago kamar yanar da ke kan madara, ya fara tafiya. Takwas ta narke, bakwai ta bi ta. Ya fizgo ƙyalle ya danna don ya tsotse ruwan kafin ya gangara ƙasa. Da ya ɗaga, lamba shida da tabon Baba suna jikin ƙyallen.

Matarsa ta fito da kwandon shanya ta tarar da shi zaune, hannuwa bisa gwiwa. Ta leƙa teburin, ta dube shi.

"Garin gyaran gira..." in ji ta a hankali, ba ta ƙarasa ba. Ta ajiye kwandon ta tsaya a bayansa.

Ya yi abin da mai nutsewa ke yi in an miƙa masa takobi. Ya dafa shayi mai kauri ya ɗiga a gurbin tabon, ya zana lambobin da biro mai siririn baki, ya busar, ya rufe. Daga nesa ka ce shi ne. Da ya isa gidan Baba, tsohon ya riga ya farka, ya watsar da matasan kai yana neman abinsa, Yaya na tsaye bakin ƙofa. Kallo ɗaya ta yi wa fuskar ƙaninta ta dafa bango.

Ya durƙusa ya ɗaura wa tsohon. Baba ya daɗe yana kallo. Ya kara a kunne, ya sauke, ya sa babban yatsa ya murza gilashin daidai ƙasa.

"Wannan ba nawa ba ne."

"Naka ne, Baba. Wanke shi kawai na yi."

"Kai wane ne?"

"Ni ne, Karambani."

Tsohon ya sake duban agogon. Ƙaramin hannu na zaune daram a kan shida.

"Ƙarya kake," ya ce, ba da faɗa ba. "Lokacinsa bai yi ba."

A tsakar gida Yaya ba ta ɗaga murya ba, da ma ta zage shi da ya fi masa sauƙi. Cewa ta yi, "Kai za ka tafi gida ka kwanta. Ni da shi zan kwana, da shi zan tashi." Ta koma ciki ta ja ƙofa.

Tun daga nan teburin baranda ya canza aiki. Karambani ya daina sayen sababbin hannaye da gilasai. Yawo yake wurin masu tsofaffin agogai yana tsintar fuskoki masu kama da ta Baba, ya jiƙa su da ruwan tsatsa, ya shanya a rana, ya kara su a wuta, yana neman tabon nan. Babu hoton da ya nuna shi sosai, daga ka yake zanawa, kuma abin da ya fi ci masa rai shi ne ya gano bai taɓa kallon siffarsa da kyau ba, duk shekarun nan dattinsa kawai yake gani. Kowace ya gama ya kai, Baba ya duba ya ture. Matarsa ta daina tsokanarsa. Abokan aiki da ke kawo masa gyara sun gaji da jira sun karɓe kayansu.

Baba ya bar murɗa agogon. Yanzu tun da safe yake jan kujera bakin ƙofa, ya wuni a nan. In an kawo abinci ya ce a ajiye sai yaron ya zo su ci tare, sai an yi da gaske yake kai loma. Riga ta yi masa yawa, Yaya ma ta rame ta yi baƙi.

Karambani bai fasa zuwa ba. Kullum in ya taso daga sito sai ya biyo, tsohon ya matsa masa gefe da ladabi, don ya ɗauke shi mutumin ofishin ruwa ne mai kirki da ba ya manta tsofaffin ma'aikata. Wata yamma Baba ya zaro agogon daga aljihu ya nuna masa.

"Ka ga abin da wani azzalumi ya yi mini? Ina barci ya musanya mini nawa."

"Allah ya isar maka, Baba."

"Ina da yaro da ya iya gyaran irin wannan. Hannu gare shi, ban dai taɓa gaya masa ba, kada kansa ya kumbura." Ya juya yana kallon titi. "Da kullum sai ya zo. Ya daɗe bai leƙo ni ba. Na yi ta tunani, ban san abin da na yi masa ba."

Karambani ya san in ya ce ga shi, ƙarya za a kira shi, tsohon ya firgita ya ƙi cin abincin dare.

"Ba ka yi masa komai ba," ya ce. "Zai zo."

"In ka gan shi ka ce ya yi haƙuri."

"Zan gaya masa."

Ya gyara wa tsohon mayafi a kafaɗa, ya zauna a ƙasa gefen kujerar. Suka ci gaba da kallon hanya tare, har Yaya ta fito ta ce a shigo da shi, sanyi ya fara sauka.